'Yar Beljiyam da Cinikin Wudil

Ina da wani ɗan hali da gara in faɗe shi da bakina kafin abokina Ousseini ya riga ni: ba na iya sayen abu sai na kushe shi. Ko kwalbar man gyaɗa na ɗauka a kanti, sai na juya ta na ce wa matata, da muryar da mai kanti zai ji, "Wannan kamar an sirka shi da ruwa." Mai kanti ba ya jin Hausa, farashi kuma yana manne a jikin kwalba, amma bakina babu ruwansa da wannan. Rumasa'u ta daɗe da daina shiga kantunan titin Wendover tare da ni. Takan zauna a mota ta ce in na gama zagin kayan mutane in fito.

Gado ne. Mahaifina ya yi shekara talatin da 'yan kai yana dillancin shanu a karar Wudil, kuma karatun da na ɗauka a wajensa ba shi da tsawo. Bijimin da kake so, kada ka kalle shi sau biyu. Ka tsaya a kan na kusa da shi, ka shafa masa tozo, ka yabi ƙahonsa, ka tambayi kuɗinsa har sau uku. Wanda ranka yake kai kuwa, ka wuce shi kana cewa, "Wannan tari yake yi ko?" Ka taya shi a wulaƙance, kamar taimakon mai shi za ka yi. In an ce albarka, ka karkaɗe riga ka kama hanya, amma a hankali. Kafin ka kai bakin kara za a kira ka. Da wannan karatun na sayi motoci uku a nan Greensboro ta Amurka, duka a hannun 'yan'uwanmu 'yan Afirka, duka kuma an kira ni.

A 2006 na cika shekara arba'in da bakwai, na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, muka kuma koma Pleasant Garden a bayan gari, inda ko maƙwabci za ka gaisar sai ka tada mota. Sai na ce wa Rumasa'u gida irin wannan yana bukatar bindiga.

"Baban Salwa," ta ce, "kai da kake kirana in kashe maka gizo-gizo a banɗaki?"

"Gizo-gizo daban, ɓarawo daban."

"To. Ka fara sayo akwatin ƙarfe mai makulli. Ka je ajin nan da ake koya wa mutane kada su harbi ƙafarsu. Kuma guda ɗaya za ka saya. Na san halinka."

Ban gaya mata ainihin dalilin ba. A siton da nake kula da masu lodi, in an tashi break, wato hutun cin abinci, babu hirar da ake yi sai ta bindiga: wa ya sayi me, wa ya kasa barewa, wace ce ke cijewa, wace ce ba ta cijewa. Shekara shida ina zaune a ƙarshen benci ina cin burodi ina gyaɗa kai kamar wanda ake wa wa'azi da yaren da bai sani ba. So nake ni ma wata rana a juyo a tambaye ni.

Na sayi akwatin, bayan na kushe shi. Na je ajin. Na cike takardu a ofishin sherif, shugaban 'yan sandan yankin, na jira, aka ba ni izini. Takarda ɗaya, bindiga ɗaya.

Na ɗauki Ousseini a matsayin masani. Badamagare ne, ya yi jandarma shekara takwas a Nijar kafin ya zo nan ya kama sayen motocin da suka yi hatsari yana turawa Kwatano. Ni Bakano, shi Badamagare, don haka tun ranar da muka haɗu a masallaci ba mu taɓa rabuwa ba sai ɗaya ya tuna wa ɗaya kakan wa ya gudu a fagen yaƙi.

"Bakano zai sayi pistolet," ya ce yana shiga motata, wato ƙaramar bindiga. "Bon. Bari in kira matata Fourera ta shigar da yara ɗaki."

Kantin yana kan hanyar gidanmu, tsakanin wani ƙaramin coci da wurin facin taya. Mai shi, Mista Malachy, dogon tsohon Bature ne mai tabarau a kan hanci, yana magana a hankali kamar kowace kalma sai ya je bayan kanti ya ɗauko ta. Na ce masa ƙaramar bindiga nake so, amma ba ta roba irin ta yaran zamani ba, mai tarihi. Ya shimfiɗa wani koren ƙyalle a kan gilashi, ya fito da guda biyu, ya zare wa kowace gidan harsashi, ya ja ya nuna mini babu komai a ciki, sannan ya ajiye.

Ta farko sunanta shekarar da sojan Amurka suka karɓe ta, 1911. Faffaɗa ce, mai nauyi, harsashi bakwai take ci, amma kowanne ya kai kan babban yatsa. Ta biyu ana ce mata Hi-Power, ƙirar Beljiyam, siririya, ƙotarta ta katako, baƙinta ya ɗan koɗe a wajen hanci, tana cin goma sha uku ƙanana. Duka biyun na hannu ne, duka an riƙe su da mutunci. Ta farko dala ɗari takwas, ta biyu ɗari bakwai da hamsin. Ya ce mutumin da ya ƙera ta farko shi ya fara zana ta biyu, ya mutu bai gama ba, wani ya ƙarasa.

"'Yan uba ne ke nan," in ji Ousseini. Tun daga nan muka sa musu suna, Ba'amurkiya da 'Yar Beljiyam.

Ranar Asabar ɗin dai kallo kawai na yi, don da gaske ban san wadda nake so ba. Sati guda na yi ina juya su a kaina. Ranar Litinin na ambaci maganar a wajen aiki, a karo na farko benci gaba ɗaya ya juyo gare ni, kuma duk bakinsu ɗaya: Ba'amurkiya. Wani ya ce kakansa da irinta ya je yaƙi, wani ya ce in ka harbi mutum da ita a yatsa ma sai ya faɗi. Ousseini ya ce 'Yar Beljiyam, don rabin hafsoshin Afirka ita ce a ƙugunsu. Washegari da ya ji na fara karkata wajenta sai ya kira ni ya ce ya sake tunani, Ba'amurkiya ta fi, Bakano yana bukatar abin da zai yi ƙara ko da bai sami komai ba. Ranar Alhamis a sallar la'asar na rasa raka'a ta nawa nake, sai da na yi ba'adi.

Asabar ta biyu Mista Malachy ya kai mu bayan kanti, inda ya yi wani dogon ɗaki na gwaji. Ya sa mana abin toshe kunne, ya rataya takarda mai zagaye-zagaye a nesan da bai fi tsawon falonmu sau biyu ba, ya tsaya a bayana.

Ba'amurkiya na fara ɗauka. Da na ja kunama sai na ji kamar wani ya buga mini ƙofa a tafin hannu. Na harba bakwai. Da aka janyo takardar, rami biyu muka samu, ɗaya ma a gefen da aka rubuta sunan kamfanin da ya buga ta.

"Voilà," in ji Ousseini. "Sauran biyar sun tafi Kano gaida mutane."

Sai na ɗauki 'Yar Beljiyam. Ban san yadda zan faɗa ba tare da na ba da kunya ba, amma ƙotarta ta zauna a hannuna kamar dā can a nan take kwana. Ba ta doke ni ba, turo ni kawai ta yi, kamar mai tuna maka wani abu. Na harba goma, takwas suka shiga cikin zagayen, uku a baƙin tsakiya. Ousseini ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama yana duba ko dā ma da ramukanta aka rataya ta.

Nan zaɓi ya ƙare. Nan kuma Wudil ta tashi a jikina.

Da muka dawo gaban gilashi ban sake kallon 'Yar Beljiyam ba. Na ɗauki Ba'amurkiya da hannu biyu, na ce wannan ita ce bindiga. Na yabi nauyinta, na yabi ƙararta, na ce ramukan nan biyu da ta yi sun fi mini takwas ɗin waccan, don kowanne ana iya zura yatsa. Na tambayi kuɗinta sau uku. Mista Malachy ya nuna mini takardar da ke rataye a jikinta sau uku.

"Ita kuma waccan fa?" ya ce.

Na ture ta da bayan hannu. Na ce ta koɗe. Na ce ƙotar kamar ta tsufa, kunamarta tana da tauri, harsashinta kuma kamar ƙwayar gyaɗa. Babu ko ɗaya da na yarda da shi a raina, sai dai koɗewar, ita ma burge ni take yi. Sannan na yi hamma na ce, don kada ta yi ta zama tana cin wuri, zan iya rage masa ita a ɗari biyar.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kuɗinta yana jikinta, Mista Lawal."

A Wudil wannan shi ne albarka. Na karkaɗe riga, duk da jaket ce, na yi masa godiya na juya.

Daga gilashin zuwa ƙofa taku goma sha ɗaya ne. Na yi su kamar mai ciwon gwiwa. A bakin ƙofa na tsaya karanta wata sanarwa ta lokacin farautar talo-talo, har ƙananan rubutun ƙasa. Shiru. Na fita, na durƙusa a gaban mota ina gyara igiyar takalmi, takalmin kuwa ba shi da igiya. Ousseini ya danna ham.

"Tashi mu tafi, Bakano. Ba za a kira ka ba. Ka ga saniya a nan?"

"Na bar masa lambata. Zai kira."

Bai kira ba. Litinin, Talata, Laraba. Na riƙa buɗe wayar ina rufewa har murfinta ya fara sassautawa. Ranar Alhamis ta yi ƙara ina tsakiyar lodi, na tsallake tarin kaya biyu na ɗauka, ashe Rumasa'u ce, wai in taho da albasa.

Asabar ta uku, wajen ƙarfe biyu na rana, muka koma. Na shirya in ƙara hamsin, in ya matsa in ƙara ɗari. Muna shiga na ga gilashin babu ko ɗaya daga cikinsu. Mista Malachy kuwa ya tarbe ni da murmushi, abin da ban san yana da shi ba.

"Mista Lawal. Na yi maka wani abu." Ya sunkuya ya fito da Ba'amurkiya, da wata 'yar takarda ɗaure a jikinta, sunana a kai. "Ban taɓa ganin wanda ya so bindiga kamar yadda ka so wannan ba. Mutum biyu sun neme ta cikin satin nan, na ce musu tana da mai ita."

Na ce na gode.

"Ita kuma waccan da ba ka so, ka huta da ganinta. Wani likitan haƙori daga Sedgefield, unguwar masu kuɗi, Dokta Nicodemus, zai zo ƙarfe huɗu ya ɗauka. Na gaya masa duk aibin da ka gano mata, don ba na ɓoye wa mai saye komai. Har na rage masa hamsin saboda kai."

Ousseini ya juya baya yana nazarin wasu wuƙaƙe da ke bango. Kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

Na ce zan ɗauko takardata a mota. Muka fita muka zauna, na rufe gilashi.

"Lawal," ya ce yana share hawaye, "shekara goma na san ka, yau ne na fara ganin ka yi wa wani ciniki kyauta. Likita ma. Mai gida a bakin filin golf."

"Yi shiru in yi tunani."

"Wane tunani? Shiga ka ce masa ƙarya kake yi tun farko. C'est tout."

"In ce wa dattijo sati guda ina masa ƙarya? Bayan ya kori mutum biyu saboda ni?"

Abin da ya ɗaure ni ke nan. In na shiga, kunya kaɗai za ta sa in miƙa takardata guda ɗaya in karɓi bindigar da ba na iya samun bango da ita, in tsaya ina kallo wani ya fita da tawa, a farashin da ni na sauko masa da shi da bakina. Na tuna benci na wajen aiki, na tuna za su ce in zo mu je gwaji, na tuna ramuka biyu.

Sai kuma na tuna cewa mahaifina ba mai sayen shanu ba ne. Dillali ne. Rabin karatun kawai na yi ta amfani da shi duk shekarun nan. Sauran rabin, na yadda ake sa mutum ya sayi abin da bai zo saye ba, yana nan ban taɓa taɓa shi ba. Shi mai kuɗi, in ji Baba, ba a yaba masa kaya. Nuna masa ake yi cewa an riga an yi wa wani alkawarinsu.

"Ousseini, da wane muƙami ka bar jandarma?"

"Me ya kawo wannan?"

"Faɗa mini dai."

"Direban commandant."

"Daga yau kai ne commandant ɗin. Kada ka yi Turanci ko kalma ɗaya. Faransanci kawai. Ni zan fassara."

Ƙarfe huɗu saura kaɗan Dokta Nicodemus ya iso. Kakkauran mutum ne ja, da rigar golf mai ruwan ganye da farar hula. Ya same ni a gaban gilashi, na sa an shimfiɗa koren ƙyalle, Ba'amurkiya tana kwance a kai, takardar sunana tana kallon sama, ni kuma ina rubutu a hankali kamar mai cike fom. Mista Malachy ya fito masa da 'Yar Beljiyam. Ya ɗauka yana juyawa. Sai da na danne zuciyata da hannu biyu ban kalla ba.

Na yi masa sallama irin tasu, na ce ya yi zaɓi mai kyau. Na ce bindiga ce mai sauƙin kai, ba ta wahalar da hannu, ko matata za ta iya harba ta. Na ce mutane da yawa da ita suke farawa.

"Farawa?" ya ce.

"Kafin hannu ya yi ƙwari." Na ɗan ja koren ƙyallen zuwa wajena.

Idonsa ya bi ƙyallen. "Wannan fa?"

"Wannan an sayar. Tawa ce. Mutum biyu aka kora a kanta satin nan, tambayi mai kanti."

Mista Malachy ya gyaɗa kai.

"Zan iya riƙewa?"

Na yi jim kamar ya nemi aron matashin kaina. Sannan na tura masa da yatsa biyu. Yana ɗagawa Ousseini ya tako, hannu a baya, ƙirji a gaba, ya zagaya shi sau ɗaya, ya kama wuyan hannunsa ya matsa, ya zubo Faransanci mai tsawo. Daga abin da na tsinta, yana cewa ne mutumin nan hannunsa kamar na mai kirɓa fura, kuma Bakano maƙaryaci ne tun daga kakanni.

"Me ya ce?" in ji Dokta.

"Commandant ne, daga ƙasarmu ta can," na ce. "Ya horar da mutane da yawa. Ya ce a cikin mutum ɗari da ƙyar ake samun uku masu irin wannan wuyan hannun. Yana tambaya ko kana wani wasa da ake juya hannu."

"Golf," in ji Dokta, yana duban wuyan hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

Na juya na gaya wa Ousseini da Hausa cewa in ya yi dariya zai koma gida a ƙafa. Ya ɗaga gira ya ce, "Ah, le golf! Voilà!" ya buga ƙafa ya sara masa.

"Ya ce shi ya sa. Ya ce abin takaici ne hannu irin wannan ya ƙare a kan ƙaramin harsashi. Amma kada ka damu, Dokta, waccan ma tana da kyau. Ba ta firgita mutum."

Dokta ya ajiye Ba'amurkiya, ya ɗauki 'Yar Beljiyam, ya ajiye, ya sake ɗaukar Ba'amurkiya. Na san wannan juyin. Na sha ganinsa a kara, a jikin alhazan birni da suka zo sayen ɗan maraƙi suka koma da bijimi.

"Ka riga ka biya?" ya ce.

"Yanzu zan biya."

"Ba za ka bar mini ita ba?"

"Haba Dokta. Sati uku ina zarya a kanta." Na girgiza kai na ci gaba da rubutu. Abin da nake rubutawa sunan unguwarmu ne a Wudil, sau shida.

Ya sake roƙo, na sake ƙi. Ya ce shi bai taɓa jin bindiga ta cika masa hannu haka ba. Na dubi Ousseini, Ousseini ya ɗaga kafaɗa ya faɗi wani abu a kan shinkafar da Fourera ta ɗora kafin ya fito.

"Commandant ya ce in ji tsoron Allah," na ce, na sauke numfashi. "Ya ce bindiga takan zaɓi mai ita, kuma kowa a nan ya ga wanda ta zaɓa."

Na kwance takardar sunana da hannuna. Sannan na yi abin da ban yi ba tun ina saurayi: na kamo hannun Mista Malachy na dama, na kamo na Dokta, na haɗa su a cikin nawa na girgiza. "An sallama?" na ce da Hausa, sannan na fassara. Tsohon ya ce an sallama. Dokta ya ce ni mutumin kirki ne, ƙasar nan tana bukatar irina.

Mista Malachy ya dube ni da tausayi. "Ga shi ka tashi babu komai, Mista Lawal. Sai wannan da ba ka so."

Sai a lokacin na kalle ta. Na ɗauke ta da yatsa biyu, na taɓe baki.

"Nawa ka ce ka bar wa Dokta?"

"Ɗari bakwai."

"To ya zan yi. Takardata ba za ta koma gida haka nan ba. Zan yi haƙuri da ita."

Ya ce tunda ni aka yi wa rashi, ni zai fara sallama. Na cike fom ɗin gaske. Ya sa ta a akwatinta ya miƙo. Na ce masa a garinmu wanda ya haɗa ciniki ba ya tafiya hannu wofi, akwai abin da ake ce wa la'ada. Ya yi tunani, ya shiga ciki, ya fito da hula mai sunan kantin. Muka fita Dokta yana tsaye yana saita bango da Ba'amurkiya, ido ɗaya a rufe.

Muka shiga mota muka wuce cocin. Sannan Ousseini ya ce, "Lawal."

"Na'am."

"Na yi shekara takwas ina kama ɓarayi. Ban taɓa ganin irinka ba."

A bakin Badamagare wannan lambar girma ce. Na sa hular a kan tawa hular na tuƙa har gida.

Rumasa'u ta duba akwatin, ta duba rasit, ta ce, "Guda ɗaya?" Na ce guda ɗaya, kuma da ragi. Ta ce to madalla, in cire wannan abin daga kaina kafin maƙwabta su gani. Na tuna mata ba mu da maƙwabtan da za su gani.

Ranar Lahadi na sayi katin waya na kira yayana a Wudil, na ba shi labarin tun daga koren ƙyalle har haɗa hannu. Ya yi dariya har katin ya ƙare, amma kafin ya yanke na ji ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba, bai yi asara ba." Da yamma a gidan Ousseini, a gaban mutum tara da butar shayi, na sa shi ya maimaita abin da ya faɗa a mota. Ya maimaita, ya ƙara da cewa daga yau in zai sayi mota a gwanjo da ni zai tafi. Wani ɗan Maraɗi ya ce in zo in yi masa cinikin gida.

Ranar Litinin kuwa, da aka tashi break, ban zauna a ƙarshen benci ba. Na kafa takardar gwajin nan mai rami takwas a jikin injin sayar da lemo, na tsaya a gefenta. Suka ce me ya sa ban ɗauki Ba'amurkiya ba. Na ce kowace da hannun da ya dace da ita, na yi musu bayanin nauyi da tsawon hanci da yadda ƙota ke zama a tafi, na kawo tarihin mutumin da ya mutu bai gama zane ba. Minti talatin cif ni kaɗai ke magana. Burodina ma ban ci ba. Wanda kakansa ya je yaƙi ya ce ranar Asabar in zo mu fita tare, yana so ya gwada ta.

Don haka ranar Talata da na tashi daga aiki na biya kantin in sayi harsashi. Mista Malachy ba ya nan. Ba'amurkiya tana cikin gilashi a gurbinta, da takardar ɗari takwas a jikinta. Dokta Nicodemus ne ya miƙo mini harsasan ya ba ni canji. Ashe ƙanin matar Mista Malachy ne, shi ke tsaron kantin Talata da Alhamis.